Talatar da Ummu Wa'il Ba Ta Zo Ba

A ajinmu na masu koyon aikin sauraron damuwar mutane, Nurhan kaɗai ce ta zaɓi karatun da son ranta. Mu sauran ƙarancin maki ne ya jefo mu. A gida "likitocin mahaukata" ake ce mana, alhali ko allura ba mu iya yi ba.

Aka tura mu horo wata cibiya a nan Damanhur, a ƙasar Masar. Mutum na farko da aka shigo wa Nurhan da shi, sai ga Ummu Wa'il, maƙwabciyarsu ƙofa da ƙofa, wadda ta rene ta tun tana rarrafe. Matar ta juya za ta fita, sai kuma ta tsaya.

"'Yata, ki rantse."

"Wallahi ko Mama ba za ta ji ba, Inna."

Ta zauna. Daga ranar duk Talata sai ta zo. Ban san me take faɗa ba, Nurhan ba ta taɓa gaya mini ba. Na dai ji shugabarmu tana cewa kada a kuskura matar nan ta daina zuwa, ranta ake ceto.

Amma a gida Ummu Wa'il ta daina leƙowa shan shayi. Kunya ta hana ta. Uwar Nurhan kuwa ba ta da haƙurin zuba ido.

"Ke, me kika yi wa matar nan? Tana ganinki a matakala sai ta sunkuyar da kai."

"Babu komai, Mama."

"Babu komai! Wai zukata kike karanta, ga maƙwabciya ta rame kamar tsinke ba ki gani ba. An yi asarar kuɗin mota!"

Ranar Juma'a uwar ta naɗe mahshi, shinkafar nan da ake dafawa a cikin ganye, cike da faranti, ta ƙwanƙwasa ƙofar Ummu Wa'il, ta rungume matar. "'Yar'uwa, ba sai kin faɗa ba, mun san kina cikin wani hali. Nurhan ma ko barcin kirki ba ta yi saboda ke."

Uwar ba ta san komai ba, baiwar Allah. Kirki ne kawai ya yi mata yawa, kuma har yau ina jin haushin wannan kirkin.

Talata ta zo, Nurhan ta wuni a cibiya tana kallon ƙofa, Ummu Wa'il ba ta zo ba. Da yamma ta tare matar a matakala.

"Inna, wallahi ban faɗa ba."

"Allah ya ba da sa'ar aiki, likita." Ta shige, ta murɗa makulli.

Nurhan ta shiga gida ta zauna a bakin gado da takalmanta, tana kuka. Uwar ta biyo ta, hankali a tashe.

"Ta dawo mini da abincina ko taɓawa ba ta yi ba. Ke da kika yi karatun, gaya mini, ni me na yi mata?"

Amsar tana bakin Nurhan. Amma in ta faɗa, zargin Ummu Wa'il ya zama gaskiya ke nan.

"Ban sani ba, Mama," ta ce.