Azumin Dokta Mahdi

"Ba zan sa hannu ba, Dokta."

A tsaye Zulfa ta faɗi haka, ta tura takardar da yatsa ɗaya ta koma gabansa. Dokta Mahdi, shugaban cibiyar binciken lafiya da take wa aiki, bai saba a musa masa ba, balle a ce mai awon jini ce, yarinya 'yar shekara ashirin da shida. Ya zare tabarau, ya maimaita umarnin da Faransanci, ko Allah ya sa ba ta gane ba ne.

Layi ɗaya ne a takardar. Shaida ce cewa jinin mata ɗari uku na unguwar Hausawa ta New Bell a birnin Douala da aka ɗiba don binciken ciwon sukari, an ɗibe shi ne ba su ci komai ba tun daren jiya. Zulfa ce ta auna jinin, don haka sai da sa hannunta za a aika sakamakon ga mujallar likitoci a Turai. Dokta ya rage murya ya tuna mata cewa cikin aljihun teburin nan akwai wata takarda da ke jiran nasa hannun, wato wasiƙar da za ta kai ta Lyon ta ƙasar Faransa karatun digiri na uku. Bai ce cuɗe ni in cuɗe ki ba, amma ko kurma ya ji.

Ta ce ta fahimta, kuma dai ba za ta sa ba.

Shi Dokta Mahdi ɗan unguwa ne, a nan aka yanke cibiyarsa. Ya tafi Faransa yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya dawo bayan shekara ashirin da biyar da digiri uku, da tumbi, da Hausar da tsatsa ta cinye. Shi ne ya taɓa shiga zaman makoki ya yi wa jama'a barka da hutawa. Ba wanda ya gyara masa, don ba a gyara wa mai mota irin tasa magana. Da ya samo masu ɗaukar nauyin bincike kan matan da suka haura arba'in, aka ba shi shawarar ya nemi mai fassara. Ya ce da Faransanci ai cin fuska ne a nemo masa wanda zai koya masa harshen uwarsa.

Ƙa'idar awon sukari ba ta da wuya. Mutum ya kwana, awa takwas bai ci ba, ya zo da safe a ɗebi jini. Bafaranshe yana ce da wannan "à jeun". Dokta ya zauna a ofishinsa mai sanyi, ya lalubo kalmar da ta fi kusa a kansa, ya rubuta: "Ku zo da azumi." Haka aka karanta a islamiyyun mata, haka aka yi shela bayan sallar Juma'a.

To, matan New Bell ba a koya musu azumi. An ce azumi, suka yi azumi yadda aka san shi. Suka ci sahur na kirki, kunun gyaɗa da sukari, fanken da ake kira makala, ragowar shinkafa, shayi mai madara, suka ɗaura niyya. Masu ramuwar watan Ramadana suka ce ga lada ga awo kyauta. Ƙarfe bakwai sun yi layi a ƙofar cibiyar, awa biyu kacal da ajiye cokali. Ma'aikaciyar jinya tana riƙe da takardar Dokta tana tambayar kowacce ko tana azumi, kowacce ta amsa da gaskiyarta cewa tana yi. Ba wadda ta yi ƙarya ko ɗaya. Bayan an ɗebi jinin aka miƙa musu burodi da kifin gwangwani, suka ƙi karɓa. Dokta ya rubuta a littafinsa cewa wannan kunya ce irin ta al'adar Hausawa, abin da ya cancanci bincike na daban.

Zulfa tana labo, wato ɗakin awo, a bene, ba ta ganin fuska, sai kwalabe masu lamba. Da sakamako ya haɗu, mata ɗari da talatin cikin ɗari uku suka fito da ciwon sukari. Dokta ya kusa taka rawa. Cikin mako guda ya gano dalili: wai wani abu ne a jinin Hausawa da ba ya jituwa da abincin bakin teku. Aka gayyace shi taro a Turai, ya ba da ɗinkin kwat. Su kuwa matan aka raba musu ƙwayoyin sauke sukari, ɗaya da safe ɗaya da yamma.

Cikinsu har da Goggo Hapsatu, ƙanwar mahaifin Zulfa, mai suyar makala a bakin hanyar Nkololoun. Mako biyu da fara shan ƙwayar, jiri ya ɗebe ta tana tsakiyar suya, ta faɗi, mai ya kwaranyo mata a hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Zulfa ta hau bensikin, wato acaɓa, cikin ruwan sama ta je, ta tarar an shafa mata man goge baki a ƙunar. Tana wankewa tana tambaya, Goggo tana cije leɓe tana ba da labari. Ta ce tunda aka ce tana da sukari ta daina sa shi a kunu, ita da ta fi kowa sonsa. Rabonta da kunu mai zaƙi tun sahur ɗin ranar awo.

Zulfa ta tsaya da audugar a hannu. "Wane sahur, Goggo?"

"Na azumin Dokta mana. Ke 'yar nan, kina aiki a wurin ba ki san an sa mu azumi ba? Cokali huɗu na zuba, na ce yini zai yi tsawo. Maƙwabciyata Rakiyatu ma da taliya ta yi nata."

Kwana uku Zulfa tana tashi daga aiki tana bin gidaje, tana tsallake kwatocin da ruwa ya cika. Gida goma sha bakwai ta shiga, amsa ɗaya ta samu. Wata tsohuwa har ta yi fushi da tambayar, ta ce ita ba sabuwar musulunta ba ce da za ta ɗauki azumi ba sahur.

Da ta kai wa Dokta labarin, dariya ya fara yi. Ta ga lokacin da dariyar ta maƙale masa a wuya. Ya ce tsofaffi ne, ba su da ilimi, ba su san abin da suke faɗa ba. Ta ce sun san azumi sarai, wanda ya rubuta takardar ne bai san shi ba. Washegari ya kira ta ya ajiye mata takardar shaidar nan, ita kuma ta tura masa abinsa.

Bai kore ta ba, don kora tana jawo tambaya. Ya ce duk wadda ta yi ƙorafin jiri za a dakatar mata da magani a hankali, ba tare da hayaniya ba, amma sakamako zai tafi yadda yake. Ya kira Affan, abokin aikinta da ke zama a tebur na biyu, wanda bai taɓa ko kwalba ɗaya ta wannan bincike ba. Affan ya sa hannu har da ƙawata shi. Da suka haɗu da Zulfa a matakala ya ce mata shi yana da ƙanne, kuma gaskiya ba ta dahuwa a tukunya. Ta ce Allah ya raya ƙannen.

Ita kuwa ta rubuta wasiƙa ga kwamitin da ke sa ido kan bincike a kan mutane, ta sa cikakken sunanta a ƙasa. Ta koma gidajen nan ta ce wa matan kowacce ta je a sake auna ta kafin ta ƙara haɗiyar ƙwaya.

Daga wannan mako aka sauko da ita daga labo zuwa ɗakin wankin kwalabe, wani ɗan akurkin ɗaki ba taga a bayan gini, inda zafin Douala ke taruwa ya kwana. Mai digiri biyu ta ɗaura leda a ƙugu tana goge ƙasan kwalba da burushi. Waɗanda take koya wa aikin na'ura jiya suka daina amsa gaisuwarta in Dokta yana kusa, in ba ya nan su amsa da ido. Ruwan wanki ya cinye fatar yatsunta. Kullum bakwai da rabi tana bakin aiki, mayafinta a goge, ta gaishe da Dokta da "ina kwana" ta Hausa tsantsa, a hankali, yadda ake yi wa mai koyo.

Dokta ya aika dattawa uku wurin mahaifinta, Malam Idirisu, tsohon akawun jirgin ƙasa. Suka ce ɗan unguwa ya kawo alheri unguwa, bai kamata 'yar unguwa ta tona masa asiri gaban bare ba. Malam Idirisu ya saurare su har suka gama, ya sa aka kira Zulfa, ya tambaye ta abu ɗaya: an yi sahur ko ba a yi ba? Ta ce an yi, Baba. Ya juya ga baƙinsa ya tambaye su ko za a ƙaro shayi.

Wata huɗu kwamitin ya ɗauka kafin ya iso, mutum uku da jakunkuna. Suka ba da umarnin a sake awon. Wannan karon Zulfa ce ta tsara maganar, ba ta kuwa yi amfani da kalmar azumi ba: ki ci tuwon dare, bayan isha kada ki sake cin komai, kada ki yi sahur, ruwa kawai, ki zo da safe. Mata arba'in da ɗaya ne suka fito da ciwon na gaske. Sauran tamanin da tara lafiyarsu ƙalau, an dai yi ta ɗura musu magani ne don kunu.

Wanda ya zaci nan ne gaskiya za ta yi halinta bai san yadda manya ke rubuta rahoto ba. Rahoton ya ce an samu rashin fahimta tsakanin harsuna, kuma ƙananan ma'aikata masu jin Hausa ba su ankarar da shugabanni da wuri ba. Ƙaramar ma'aikaciya mai jin Hausa a labo ɗaya ce. An janye takardar daga mujalla ba tare da an ji ko tari ba. Dokta ya je taronsa na Turai cikin sabuwar kwat, ya canja take, ya gabatar da jawabi kan muhimmancin sanin harshen jama'a a binciken lafiya. An ce an tafa masa a tsaye.

Masu ɗaukar nauyi dai suka janye. Da suka janye, aka rufe asibitin kyauta na ranar Laraba, inda matan unguwa ke awon hawan jini suna karɓar magani. Mata arba'in da ɗayan nan masu ciwon gaske suka koma neman magani da kansu. Unguwa ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi, ba ta wahala ba. A gidan biki, in Zulfa ta shigo, sai hira ta koma raɗa. Wata ta ce a bayan kunnenta boko ya yi mata yawa har ya zubo. Goggo Hapsatu kaɗai ke tare mata faɗa, tana ɗaga hannunta mai tabo tana cewa duk mai magana ta zo ta taɓa. Amma Goggo ma, ranar da suke su biyu, ta tambaye ta ko babu wata hanya da za a bi a gyara ba tare da an rufe asibitin ba. Zulfa ta ce ta nema ba ta samu ba. Goggo ta ce to, ta ci gaba da juya makala.

Ranar da kwantiraginta ya ƙare ba a sabunta ba, ta hau bene ta ajiye makulli. Dokta yana zaune, ya yi laushi, irin laushin wanda ya ci nasara.

"Zulfa, ke 'yata ce. Da kin yi haƙuri da layi ɗaya, da yanzu kina Lyon. Me kika samu?"

"Na samu barci, Dokta. Kai kuma ka koyi kalma ɗaya ta Hausa, ka ga ba a yi asara duka ba."

Ta sauko ta tsaya a bakin titi tana jiran bensikin.

Ta nemi aiki a cibiyoyi huɗu da asibitoci biyu. Ko'ina sai a yaba takardunta, a ce za a kira ta, sannan a ɗaga waya a tambayi tsohon shugabanta. Ba a taɓa kiranta ba. Bayan shekara ɗaya a gida, ta samu gurbi a wani kamfanin sabulu a unguwar Bassa, tana auna tsamin ruwa sau shida a yini, aikin da mai takardar sakandare zai iya.

Ba ta nadama, kuma ba ta yarda a ce mata ai komai ya wuce. Affan ne ya tafi Lyon da gurbinta. Shekarunta sun haura iyakar da ake ba da wannan tallafin karatu, ba za ta sake samunsa ba. Rabin matan layinsu har yau ba sa amsa sallamarta, kuma biyu daga cikin masu ciwon gaske sun rasu bayan rufe asibitin, ta je gaisuwa an bar ta tsaye a zaure. Shekara bakwai ta yi tana koyon binciken jinin ɗan Adam, kuma tun ranar da ta ajiye makullin nan ba ta sake riƙe kwalbar jini ba.