Allura Uku a Damtsen Almu

An sallami Almu Isaka daga asibitin mishan ranar Litinin, ƙodarsa na aiki, amma an hana shi kokowa har sai an gano abin da ya narkar masa da tsoka. Shekarunsa goma sha shida, kuma kafin wannan ciwo babu sa'ansa a Galma da bai kai ƙasa ba.

Abin ya fara cikin zafin Afrilun 1995, lokacin da masu rigakafin sanƙarau suka kafa tebur a kasuwa. Almu ya ji ana cewa allura na ƙara ƙarfi, ga shi da yamma zai kara da 'yan kokowar garin Azarori. Ya shiga layi da riga, ya sake shiga ba riga, ya koma na uku da rawanin babansa. Daga nan ya yi kokowa har faɗuwar rana, bai sha ruwa ba, don bokansa ya ce ruwa na karya laya. Ya ka da mutum uku.

Washegari ya kasa miƙewa. Cinyoyinsa sun kumbura, fitsarinsa ya koma kamar shayin farko. Mahaifiyarsa Cima ta ɗora shi a amalanke zuwa asibiti, inda aka yi kwanaki ana ƙara masa ruwa.

Irmiya, ma'aikacin jinyar da ya kula da shi, ya yi musu bayani. Tsoka ce ta narke ta shiga jini. Kokowa cikin rana ba ruwa na jawo haka sosai. Allura ma ana zarginta, amma da wuya ƙwarai. In allurar ce, zai koma fili. In jikinsa ne ba ya ɗaukar wahala, ya bar kokowa ke nan.

"Allura ce, Malam Irmiya," in ji Almu. "Na ji ta tana tafiya cikin cinyata."

"A hannu aka yi maka."

"To, ta gangara."

"Dubban yara aka yi wa, kai kaɗai ka yi fitsarin shayi. Kai kaɗai kuma ka je da rawani."

Cima ta ce ita kokowar take zargi, don ta gaji da wanke walki. Almu ya ce ba a taɓa yin uwa da ke ba da shaida a kan ɗanta ba. Ta ce yau an yi.

A Galma labarin ya rabu biyu. Wasu iyaye sun ɓoye 'ya'yansu a rumbu, 'yan kokowa kuwa sun bi masu rigakafin har ƙauyen gaba suna neman ƙari.

An aika jinin Almu Yamai cikin motar da ke ɗaukar albasa. 'Yan Azarori sun nemi a sake karawa bayan girbi, Almu ya amsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Direban motar ya ce ya miƙa kwalbar jinin. A Yamai an ce ba a gan ta ba tukuna.