Tayoyin da Ba Su Ci Kwalta Ba

Duk wanda ke zaune a layin ya san muryar motar Safiyo. Da hantsi ya ɗaga za ka ji injin dizal ɗin nan ya yi tari, ya kama, sannan ya shiga gurnani mai nauyi wanda ake ji har a ƙirji. Matar maƙwabcinsa takan tashi ta rufe tagar kicin tana mita, don hayaƙin ba ya neman izini kafin ya shiga gidan mutane.

Safiyo sunan aiki ne da ya bi shi har bayan ritaya. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana awon filaye, ido ɗaya a rufe, ɗayan a cikin na'urar hange mai ƙafa uku, yana karanta lamba a jikin sanda daga tsallaken kwari. Idon nan shi ne jarinsa, kuma shi ne abin da ya fi yin kuri da shi. Na biyu ita ce motar: doguwa, baƙa, kujerun fata, katako mai sheƙi a gaban direba. Ta hannu ya saye ta a shekarar da aka haifi autarsa, shi ya sa yarinyar ta tashi tana kiran motar Yaya. Babu mahaluƙin da ya taɓa zama a bayan sitiyarin nan in ba shi ba, sai bakanikensa, shi ma don ba yadda za a yi ne.

Abin da mutanen layin ba su lura da shi ba, motar tana gurnani amma ba ta fita. Idon Safiyo ya fara tafiya. Tsakiyar duk abin da ya kalla sai ya zama hazo, gefe-gefe kawai yake gani. Ranar da ya kusa take mai keke a mahaɗa, ya dawo gida, ya saka motar a rumfa, bai sake fitar da ita ba. Bai gaya wa kowa ba. Matarsa da za ta gane ta riga mu gidan gaskiya, manyan 'ya'yan suna nesa, Auta kuwa sai ƙarshen mako take leƙowa daga aikinta na ɗakin gwajin jini. Ya ce a ransa mutum irinsa ba zai tsaya a gaban 'yar cikinsa ya ce ba ya gani ba. Tsoro yake ji, tsoron ranar da za a fara riƙe masa hannu.

Don haka kullum yakan tayar da motar, ya bar ta ta ɗumama a tsaye, ya goge ta da tsumma, ya kashe. A ganinsa gata yake yi mata. In Auta ta tambaya, sai ya ce ai jiya ma ya je gaida abokansa a bayan gari. Ya je ɗin kuwa, amma a motar haya.

Sai Yaya ta fara rashin lafiya. Yau ta ƙi tashi, gobe ta tashi tana karkarwa, jibi hayaƙinta ya koma baƙi ƙirin. Irin waɗannan motocin, a tsufansu ma sai sun nuna maka cewa su 'yan gidan manya ne. Batirinta ba irin na kowa ba ne. Baƙin man da take sha zai ishi ƙananan motoci biyu. Wata 'yar roba da ba ta kai kan kwalba ba sai an yi odarta daga waje, a jira ta har a manta, in ta iso kuma a tarar ta motar wata shekarar ce. Fanshon Safiyo bai kai ko bakin ƙofar wannan hidima ba. Auta ce ke biya, tana dariya tana cewa ai haƙƙin Yaya ne a kan ƙanwarta.

Bakaniken, wanda kowa ke kira Mai Dizal, sa'an Safiyo ne, tare suka tsufa da motar. Duk lokacin da ta lalace shi ke zuwa ya ɗauka, shi ke dawo da ita. Wannan karon sai ya bugo waya ya ce ba zai kawo ta ba, Safiyo ya zo da kansa, akwai abin da zai gani.

Garejin yana nan yadda ya san shi: ƙasa baƙa da mai, gawarwakin injuna a jere jikin bango, benci mai ƙafa ɗaya ta bulo. Mai Dizal ya zaunar da shi, ya miƙo masa wani ɗan ƙarfe.

“Riƙe ka gani. Nozul ɗinka ne, mai fesa wa injin mai.”

Safiyo ya kai hannu, hannun ya wuce ta gefe ya kama iska. Ya gyara da sauri ya karɓa. Mai Dizal ya ɗauke kai yana goge yatsunsa.

“Kunkunniya ce ta toshe shi,” in ji shi. “Na wanke, ta dawo. Na canza, ta dawo. Salansa ma cike take. Mutumina, injin dizal ba ya son lallashi. So yake a hau babbar hanya da shi, a taka shi ya yi zafi ya ƙone dattinsa. Wannan ɗumamawar da kake yi masa a tsaye ita ke kashe shi.”

“Wa ya ce maka a tsaye take? Ina fita da ita.”

“To, taso.”

Ya kama hannun rigarsa ya kai shi gaban motar, ya sa shi ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a kan taya. Safiyo ya ji 'yan tsirarun gashin roba suna sosa masa hannu, irin waɗanda ke jikin sabuwar taya kafin kwalta ta cinye su.

“Tun bara na saka su,” in ji Mai Dizal. “Tafiyar da suka yi a duniya, daga gidanka zuwa nan ce, kuma ni na yi ta.”

Safiyo ya miƙe da ƙyar. Ya ji kunya ta rufe shi, sai kunyar ta juye ta zama faɗa. Ya ce shi bai zo a yi masa bincike ba, gyara ake biya a yi.

“Gyaran ne na gaji da karɓar kuɗinsa,” in ji Mai Dizal. “Da daga aljihunka yake fitowa, wallahi da na ci gaba da ci, ai ka daɗe kana cin nawa a wasan dara. Amma yarinyar nan ce. Ina karɓa ina kasa kallon idonta. Ni ban ce ka sayar ba, ban kuma tambaye ka dalili ba. Amma motar nan sai an tuƙa ta, ko kai ko wani.”

Mai Dizal ya dawo da shi da motar gida da yamma. Safiyo ya kwana biyu bai tayar da ita ba, har matar maƙwabci ta aiko a tambaya ko lafiya.

Ranar Asabar Auta ta zo da 'ya'yanta biyu a 'yar ƙaramar motarta. Yaran suka ruga cikin gida, ita kuma ta tsaya ciro kaya a baya. Safiyo ya fito tarbarta, ya dafa motar, sai ya ji hannunsa na son sauka ƙasa. Ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya shafa tayar gaba. Sumul take kamar bayan faranti. Ya zagaya da yatsa, wani siririn ƙarfe ya soke shi. Wayar cikin tayar ce ta fito.

“Auta, da wannan kike ɗauko min jikoki?”

“Kai, Baba, ka gani ashe. Zan canza. Wancan watan na so, sai Yaya ta riga ni.” Ta yi dariya. “Babba ai shi ake fara yi wa.”

Bai gani ba, ji ya yi, kuma dariyar tata ta fi wayar soke shi. Ya tsaya yana murza ɗigon jinin a yatsa. Ga tayoyi huɗu sababbi a rumfa suna gadin ƙaryarsa, ga 'yarsa tana yawo da yara a kan waya. Duk tsoron da yake ji na a riƙe masa hannu sai ya ga bai kai wannan ba.

Ya shiga ɗaki ya fito da makulli.

“Bar yaran wurin matar maƙwabci. Zo ki fitar da Yaya.”

Auta ta dubi makullin, ta dube shi. “Ni? Baba, ko gilashinta na taɓa sai ka sa na wanke hannu.”

“To, wanke hannun ki zo.”

Ya zauna a kujerar gefe, wadda bai taɓa zama a kai ba sai a hannun Mai Dizal. Ta ja kujerar direba gaba, abin da ya sa ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Suka fita daga layin a hankali, tana riƙe da sitiyari kamar mai ɗauke da ƙwai, suka ratsa cunkoson kasuwa, har suka hau babbar hanya. Motar tana tari tana jan ƙafa.

“Taka ta,” in ji shi.

“Kar in ji mata ciwo.”

“Tausayin ne ya kwantar da ita. Taka.”

Ta taka. Injin ya yi wani kuka kamar zai tsage, motar ta yi jim, sannan ta saki jiki ta miƙa. Auta ta dubi madubi ta ce hayaƙi ya rufe bayansu, masu bin su sai kaucewa suke yi. Ya ce ta ci gaba. Yana jin muryar injin tana washewa kaɗan-kaɗan, gurnanin yana komawa irin na da, lokacin da yake dawowa daga awo da ƙura a gira, yarinyar nan tana barci a kujerar baya.

“Nawa muke gudu?” ya tambaya.

“Ga allura nan a gabanka, Baba.”

Ya juya ya kalli wurin. Katakon yana sheƙi a gefe, tsakiya kuwa hazo ne.

“Ba na ganinta,” ya ce. “Na fi shekara ba na gani sosai. Fuskarki ma sai na kalli kafaɗarki nake samunta. Ban je ko'ina da motar nan ba, Auta. Duk gyaran da kika biya, ni na jawo shi.”

Ya ji ƙafarta ta sassauta, motar ta fara rage gudu, ya kuma ji numfashinta ya canza. Ya san kuka take yi, kuma ya san ba na kuɗin ba ne.

“Da ka gaya min,” ta ce a ƙarshe. “Likitan ido ƙofarsa na kallon tawa. Kullum sai mun gaisa.”

“Na sani. Shi ya sa ban faɗa ba.”

Ta share fuska da bayan hannu. “Litinin za mu je.”

“Za mu je. A wannan za ki kai ni, kuma a wurinki za ta kwana daga yau. Taki ta zauna a rumfa har a yi mata takalma.” Ya lalubi hannunta a kan sitiyari, ya same shi a karo na biyu. “Kar ki rage gudu, ba ta gama ƙone dattin ba. Ki riƙa gaya min abin da muke wucewa.”

Ta sake takawa. Ta ce ga gidan mai a dama, ga wata gada a gaba, ga fili an kakkafa masa duwatsun iyaka. Ya tambaye ta ko duwatsun a miƙe suke. Ta ce daga nan dai a miƙe take ganinsu, shi kuma ya gyara zama ya yarda da idonta.