Talo-talo Ya Riga Ɗan Arlys Samun Afuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da murhu.

Ta zo mu ji ta, Kaka, in dai ba ta siyasa ba ce.

Ta siyasa ce, amma akwai nama a ciki, ku zauna.

Ƙanwata Arlys da mijinta Vernon Tollefsrud sun tsufa suna kiwon talo-talo a bayan garinmu Norvik, nan Minnesota, inda sanyi ke daskarar da majina kafin ta iso leɓe. Ɗa ɗaya Allah ya ba su, Wendell, mai albarkar hannu. Injin da kowa ya yi wa jana'iza, in ya taɓa shi sai ya yi tari ya tashi. Shi ya ƙera wani injin ƙyanƙyasar ƙwai wanda ko wuta ta ɗauke ba ya hucewa da wuri. Wani dillali ya zo ya sayi dozin guda, ya ce ƙetare za a kai. Ba zan yi wa Wendell ƙarya ba, ya san ƙasar da za a kai su. Cewa ya yi, ai kaza ba bindiga ba ce.

To, a lokacin shugaban ƙasarmu yana zangonsa na farko, kuma ya sa wa waccan ƙasar takunkumi, ko allura ba a sayar musu. Duk jawabin da zai yi sai ya zage su kafin ya sha ruwa. Lauyan gwamnati ya tsaya a kotu ya ce abin da zai iya ɗumama ƙwai zai iya ɗumama wani abin, bai kuwa faɗi wane abin ba. Aka yanke wa Wendell shekara shida.

Sai aka sake zaɓen mutumin. Ku da kuke yara, ku riƙe wannan: a zango na farko shugaba ƙuri'arka yake nema, a na biyu kuwa sunansa yake nema a littafin tarihi, kai ka zama tuwon jiya. Gadar garinmu ta tsage, ya kafa kwamiti. Aka rufe ɗakin haihuwa na asibitin gunduma, ya kafa wa kwamitin kwamiti. Shi kuwa ya hau jirgi, sai ina? Sai ƙasar nan da ba a sayar wa allura. Muna zaune a kicin ɗin Arlys muka gan shi a talabijin yana rungumar shugabansu kamar ɗan'uwan da ya ɓata a kasuwa, aka ajiye masa gasasshiyar kaza, ya naɗe hannun riga.

"Yaya Verna," in ji Arlys, "kazar nan da yake tsotsar ƙashinta, wa ya sani ko injin ɗana ne ya ƙyanƙyashe ta?"

Aka ɗage takunkumi. Aka fara sayar musu da jiragen sama. Wendell yana can yana wanke tukwane a kurkuku saboda ƙwai.

Arlys ta roƙi afuwa ta duk ƙofar da aka nuna mata. Amsar da ta samu kati ne mai hoton shugaban da karensa, yana gode mata da kishin ƙasa. Ga kuma zuciyar Vernon ta fara ba shi sanarwa, likita ya hana shi gishiri da ɗaukar buhu. Abin da Arlys ke so bai wuce ɗaya ba: uba da ɗa su sake zama a teburi ɗaya kafin Allah ya kira Vernon.

Ana nan sai shugabancin ƙungiyar masu kiwon talo-talo ya zagayo kan Vernon. Kun dai san al'adar: duk shekara, gab da bikin godiya, shugaban ƙungiya ne ke kai talo-talo fadar shugaban ƙasa, a ɗora shi kan teburi gaban 'yan jarida, shugaba ya ɗaga hannu ya ce ya yafe masa, ba za a yanka shi ba. Sauran miliyoyin 'yan'uwansa kuwa, tanda. Tsuntsun da za a kai ba a ɗauko shi daga garke haka nan. Tun yana ɗan tsako ake horar da shi: a kunna masa rediyo, a haska masa fitila a ido, a tara mutane su yi ta tafi, a koya masa tsayuwa kan teburi ba tare da ya kunyata jiharmu ba.

Arlys ta ce ita za ta yi horon. Ta zaɓi wani fari ƙato mai jan wuya da tafiyar isa. Tunda kuma ta ƙudurta cewa in ta shiga fadar nan sai ta yi wa shugaba magana baki da baki, sai ta mai da tsuntsun abin gwaji. Kullum da safe ta ɗora shi kan teburi a rumbu, ta cika aljihu da busasshen inabi, ta rusuna ta ce, "Mai girma shugaban ƙasa," ta ba shi ƙwaya ɗaya, sannan ta shiga karanto masa roƙonta, jimla ɗaya inabi ɗaya. Shi kuwa ya baje jela ya yi tsit yana saurare, ya fi duk wani ɗan majalisa da na taɓa gani.

Vernon ya leƙo wata rana, ya jingina da ƙofa.

"Tsohuwa, abin ya kai ga hira da tsuntsaye?"

"Shekara nawa ina hira da kai? Wannan aƙalla yana kallona in ina magana."

"Ya ce zai duba?"

"Bai yi mini ƙarya ba tukuna. Tafi ka sha maganinka."

Ranar tafiya Washington aka turo mota ta musamman mai na'urar ɗumama ɗaki, domin tsuntsu. Mu uku muka bi bayansa a tsohuwar motar Vernon, muna rufe gwiwa da bargo. A babban otal aka sauke shi, ɗaki guda nasa, an zuba masa ɓawon katako a kan darduma, ga mai gadi a ƙofa. Namu ɗakin tagarsa bangon wani gini take kallo. Da yamma Wendell ya samu ya kira daga kurkuku, Arlys ta ba shi labarin ɗakin.

"Mama, don Allah ki tambayar min shi wane lauya ya ɗauka."

Ta yi dariya har ya kashe wayar, sannan ta shiga banɗaki ta daɗe.

Washegari wata yarinya daga fada, Kendra Whitlock, mai takalmi kamar tsinke da waya a kowane hannu, ta zo ta karanta mana dokoki. Vernon zai ɗora tsuntsu kan teburi ya ja da baya. Ni da Arlys layi na uku. Ba mai yi wa shugaba magana sai in shi ya fara.

"'Yata, ko kalma ɗaya?" in ji Arlys.

"Mama, in batun afuwa ne, akwai ofishin da ke kula da shi. Ana bin layi."

"Shi wannan wane layi ya bi?"

"Ta tsuntsaye ba ta buƙatar ofis, Mama."

"Allah sarki. Da na sani da fuka-fukai na haife shi."

Yarinyar ta yi murmushin da ake koya musu, ta wuce.

Lambun fada ya cika. Ga ministoci, ga yaran manya da jajayen huluna, ga 'yan jarida kamar ƙudaje a mahauta. A layin gaba kuwa, cikin babbar kwat, wa za mu gani? Jakadan waccan ƙasar, sabon aminin gida, an gayyato shi ya ga yadda muke da tausayi. Vernon ya ɗora tsuntsu kan teburin da aka yi wa ado da kabewa da furanni, yana haki. Aka kafa wa tsuntsun lasifika a gaban baki don duniya ta ji kukansa.

Sai mai sanarwa ya ɗaga murya: "Mai girma shugaban ƙasa!"

Ai kuwa talo-talo ya ji an kira shi. Ya baje jela, ya kumbura ƙirji, ya taka zuwa bakin teburi ya yi gulu-gulu-gulu. Jama'a suka kwashe da dariya, shugaba ma ya yi, ya ce ga wani ɗan takara. Amma tsuntsu ya jira inabinsa, shiru. Tun yana tsako ba a taɓa kiransa da sarautarsa a hana shi haƙƙinsa ba. Shugaba ya fara jawabi kan zaman lafiyar da ya ƙulla a ƙetare, tsuntsu ya katse shi. Ya koma kan tattalin arziki, tsuntsu ya sake katse shi, nan kam ban ga laifinsa ba. Da shugaba ya matso zai shafa bayansa, sai ya cafke maɓallin hannun rigarsa ya riƙe gam, yana ja yana dukan iska da fuka-fukai. Furanni suka watse, kabewa ta gangara ƙarƙashin ƙafar jakada. Vernon ya yi ta "kai, kai," a banza. Masu tsaron shugaba suka kalli juna, ba a koya musu wannan a makaranta ba.

Kendra ta rugo layi na uku, fuskarta ta yi fari kamar takarda.

"Mama, ke kika hore shi. Ki taimake ni, aikina ne zai tafi."

"An ce kar in yi magana."

"Da tsuntsun za ki yi!"

"To, da tsuntsun zan yi."

Arlys ta tashi, ta gyara jakarta a hannu, ta taka a hankali kamar mai zuwa coci. Ta juya wa shugaban ƙasa baya, ta rusuna gaban teburi, bakinta daidai lasifika, ta ciro inabi.

"Mai girma shugaban ƙasa," in ji ta.

Tsuntsu ya saki maɓalli, ya karɓa, ya nutsu.

"Sunana Arlys Tollefsrud, daga Norvik. Ɗana Wendell yana kurkuku saboda ya sayar da injin ƙyanƙyasar ƙwai ga mutanen da ka ce maƙiyanmu ne." Inabi. "Yanzu ka ce abokanmu ne, har ka ci kazarsu, mun gani, kuma da alama ta yi daɗi." Inabi.

Ta tsaya nan, don ita ma ta ji kunya. Sai tsuntsu ya miƙa wuya ya fara harin hannun rigar nan kuma. Shugaba da kansa ya ja baya ya ce, "Ci gaba, Mama, ci gaba."

Ta ci gaba.

"Ban ce ɗana bai karya doka ba. Amma dokar ta riga shi fita daga kurkuku. Ubansa ga shi can, zuciyarsa ta gaji. Ba ma neman muƙami, ba ma neman hoto, muna da naka da na kare. Kujerarsa muke so Wendell ya zauna a kai ranar Alhamis ta bikin godiya, ya miƙa wa ubansa dankali. Kai kaɗai ke da hannun da zai iya, kuma ba ka da sauran zaɓen da za ka ji tsoro."

Inabi ya ƙare, roƙo ya ƙare. Kyamarori suka yi ta ƙara.

Shugaba, ba shakka gwani ne. Ya dafa kafaɗarta, ya juyar da ita inda hoto zai fi kyau, ya ce zuciyarsa tana tare da duk wata uwa a ƙasarmu, kuma zai duba lamarin da kansa. Aka yi tafi. Sannan ya ɗaga hannu, ya ce bisa ikon da tsarin mulki ya ba shi ya yi wa wannan talo-talo cikakkiyar afuwa, har da laifin maɓalli. Aka sake tafi, wanda ya fi na farko.

Muna fita jakadan ya tsare mu, ya kama hannun Arlys da hannu biyu. Ya ce injinan nan har yau suna aiki, ɗaya ma a ƙauyen surukarsa yake. Ya tambaya ko za a samu kayan gyara, tunda yanzu an halatta.

"Mai gyaran yana ɗaure, ranka ya daɗe," in ji Arlys. "Ka yi wa amininka magana."

Ya ce ba ya tsoma baki a harkokin cikin gida.

Kwana biyu talabijin ba ta da zance sai Arlys, a na uku wani minista ya yi abin kunya aka manta da mu. Daga baya Kendra ta kira, yarinyar kirki ce ashe. Ta ce mashawarta sun zauna, sun ga in aka saki Wendell yanzu za a ce tsuntsu ne ya juya shugaba, 'yan adawa kuma za su tambaya me ya sa aka ɗaure shi tun farko. A bari sai ranar sauka daga mulki, lokacin da ba mai tambayar kowa komai. Saura shekara biyu da 'yan watanni, Mama, ki yi haƙuri.

Ƙurunƙus kan talo-talo. An kai shi gonar wata jami'a, da likitansa da mai share masa ɗaki, amma irinsu don tanda ake kiwonsu, ƙiba ta kashe shi kafin ƙanƙara ta narke, jaridu suka buga ta'aziyya da hoto. Vernon ya rasu a sanyin shekarar da ta biyo, Wendell bai samu izinin zuwa jana'iza ba. Ya gama wa'adinsa cif ya fito a lokacin kaka, 'yan watanni kafin shugaba ya sauka, ya karɓi gonar. Afuwar ta iso a watan Janairu, ranar da shugaba ya sauka, sunan Wendell yana tsakanin na wani surukin shugaban da na wani attajirin da ya gina masa ɗakin karatu. Kendra ta bar fada ta koma koyarwa. Shugaban ya rubuta littafi mai kauri kan zaman lafiya, ba Norvik a ciki. Gadar tana nan a tsage. Wendell yana sayar wa waccan ƙasar injinan ƙyanƙyasa da lasisin gwamnati. Arlys kuwa tana raye, kuma tun daga ranar ba ta sake cin talo-talo ba, kifi take gasa mana ranar bikin godiya.