Kwalaben Farfesa

"Daga bana, tumatir ya daina mutuwa a unguwar nan," in ji Farfesa. A kwance ya faɗi haka, tari na sarƙe shi bayan kowace kalma uku.

Tela, maƙwabcinsa na jikin katanga, ya gyaɗa kai. Shekara biyu ke nan yana gyaɗa kan. Farfesa dai ba farfesa ba ne. Shekara talatin ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar noma, ya fito da tari da ilimin da ya tsinta a bakin ƙofa.

"Leƙa ƙarƙashin gado."

Tela ya durƙusa, gwiwa na ƙara. Kwalabe goma sha biyu, cike da dusa, kowacce ta yi koriyar fumfuna.

"Rai gare ta, kada ka raina ta. Ranar dashe ka zuba cokali guda a kowane rami. Ita za ta nannaɗe saiwa, cutar yaushi ta zo ta tarar gida da mutane."

"Bara ma haka ka ce."

"Bara layi ɗaya na gwada. Ya mutu?"

Bai mutu ba, abin haushin ke nan. Shi ya sa bana Tela ya ninka irin da ya yafa a filin bayan gidansa, duk da matarsa ta ce ba ta taɓa jin an yi maganin ruɓa da ruɓa ba.

"To bari in kwashe su yanzu."

"Saura kwana huɗu su nuna, kuma ɗakinka zafi. Gaggawar me kake? Tafiya zan yi?"

Ranar Laraba da hantsi ya tafi.

Da aka dawo daga maƙabarta, Tela ya shiga yi wa ƙanwar marigayin gaisuwa. Mace ce da kowa ya shaida da tsabta. Tuni ta share ɗakin, ta shanya katifa.

"Malam Tela, ka ga abin da ya kashe Yaya? Ruɓaɓɓiyar dusa a ƙarƙashin gado, yana ta shaƙa! Ku kuma maƙwabta kuna kallo."

"Ina dusar, Hajiya?"

"Na ƙona mana. Kwalaben dai na tafasa su, ban iya zubarwa ba." Ta nuna gindin katanga, inda suke kife a jere, suna walƙiya. "Ɗauki ɗaya, ka riƙa tunawa da shi."

Ya ɗauka, ya yi godiya, ya ƙara mata haƙuri.

Ranar Asabar ya yi dashe. Ya fesa maganin kanti, amma ganye kawai ya wanke, cutar tana ƙasa. A mako na uku layin farko ya sunkuyar da kai, sauran suka bi shi da ladabi.

Matarsa ta leƙa filin, kuma ta tabbatar ya lura.

Kwalbar tana kan taga, kusa da keken ɗinki, ya cika ta da maɓallai. Da safe yakan tuge layi ɗaya, ya tara a gefe, ya wanke hannu, ya zauna ya zura zare.