Ranar da Mai Minshari Ya Yi Shiru

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo? To ku matso.

"Ba inda za shi," in ji Fenglan, ta tare ƙofa da jikinta. "Likita ya ce ko juya shi za a yi sai a hankali, ke kina maganar a ɗauke shi."

Maƙwabciyarta Guizhi tana tsaye da kwanon kunun gero, tururi na tashi. "Haba Yaya, Beijing na ce a kai shi? Ga ƙofarki ga tawa. Tagarku dutse take kallo, tawa teku."

Wanda ake rigimar a kansa, Tsoho Sui mijin Fenglan, yana kwance a ciki. Ciwon huhu ya cinye shi, idanun ma sun daɗe da dushewa. Jiya wani tsohon abokin aikinsa ya bugo waya, ya ce da safen nan za a jawo jirginsu ta mashigin teku, a kai shi inda za a yayyanka shi. Jirgin yaƙi ne mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, irin mai aiki da nukiliya, a cikinsa Sui ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Tun da ya ji labarin ya ƙi cin komai, sai dai a kai shi taga.

Ita kuwa Guizhi, in za a faɗi gaskiya, ba tausayi kaɗai ya kawo ta ba. Shekara da shekaru bango ɗaya ya raba su. Tana jin tarin Fenglan, da faɗanta, da rediyonta, amma ba ta taɓa jin takun mutumin nan ba. Kullum takalmin ƙyalle, ƙofa kuma ya rufe ta kamar mai tsoron tada jariri. Shi kuwa komai nata yana ji. Ya taɓa tare ta a matakala ya ce, "Ƙanwata, famfonki yana ɗiga." Ta je ta duba, haka ne. In ta tambaye shi ina suke zuwa da jirgin, sai ya ce, "Ƙasa." Me suke gani a can? "Ba taga."

Daga ciki aka ji muryarsa. "Fenglan, kunun mutane yana hucewa. Ku kai ni, zan sha."

"Ji shi!" Fenglan ta juya. "Na haifi 'yarmu kana ƙarƙashin teku. Na binne uwarka kana ƙarƙashin teku. Ɗan numfashin da ya rage ma jirgin za ka ba?"

"Rabi dai. Rabi naki ne."

Ta yi tsaki, ta share ido da gefen riga, ta je ta ɗauko kujera. Suka ɗora shi, ba shi da nauyin kirki.

"Ku sa bargo a ƙarƙashin ƙafafunta," in ji shi. "Kada ku dami na ƙasa."

Haka tsofaffin matan nan biyu suka ja shi a kan bargo, suna haki, har gaban tagar Guizhi. Ta buɗe, iska mai sanyi da warin gishiri ta shigo.

Can sai ga shi. Wani baƙin abu dogo, tsatsa ta ci gefensa, ƙananan jirage biyu na tafe da shi, ɗaya gaba ɗaya baya.

"Af, wannan ne?" in ji Guizhi. "Ni na zaci ya kai gidan nan girma."

"Bayansa kawai kike gani. Sauran yana ƙasa."

"To yau dai sai ka faɗa mini, Yaya Sui. Me kake yi a ciki?"

Ya yi murmushi. "Saurare. In sa abin ji a kunne in zauna, wata da watanni. In ce wannan na masunta ne, wannan kifi ne, wannan kuwa mu yake nema. Shi jirgin namu Mai Minshari muke ce masa. Injinansa ba su iya shiru ba, a can ƙasa kuwa mai ƙara shi ake fara ganowa. Shi ya sa muke naɗe kayan aiki da tsumma, muke tafiya da takalmin ƙyalle, kada mu ƙara masa. An kai shi gyara, an sake kaiwa, ya rage amma bai daina ba. Har ya tsufa aka ɗaure shi, aka cire masa murhun nukiliyar." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ban taɓa ganinsa yana tafiya ba. Kullum ina ciki."

"Yanzun ma ai ba gani kake yi ba," in ji Guizhi.

"Ƙanwata, sau ɗaya a rayuwarki, rufe baki."

Ta rufe. Ya karkata kai wajen tagar, ya lumshe ido.

"Ga na gaba, mai ja. Ga na baya can, injinsa yana son gyara." Ya daɗe bai motsa ba. "Shi kuwa Mai Minshari ba na jin sa."

Fenglan ta kama kafaɗarsa. "Yana nan, tsoho. Ga shi can daidai fitilar mashigi. Bai wuce ba tukuna."

"Na san yana nan." Dariya ta kama shi, ta koma tari, tarin ya sake komawa dariya. "Yana nan, yana tafiya, kuma ba na jin sa. Ja'iri! Sai yau ya koya."

Suka zauna har jirgin ya shige bayan tudu. Sannan ya buɗe baki, Fenglan ta ba shi kunun da ya riga ya huce. Cokali ya bugi kwano, Sui ya ɗaga mata yatsa ta rage ƙara.

"Zan buga ɗin," in ji ta. "Wa yake nemanka yanzu?"

Bai kai ƙarshen makon ba. Da rana tsaka ya tafi, Guizhi ba ta ji komai ta bango ba, sai dai ta ji an kashe rediyo. Jirgin an yayyanka shi kafin bazara. Fenglan ta koma wajen 'yarta, sabbin maƙwabta suka shigo da yara masu guje-guje.

Guizhi tana nan. Famfonta ya koma ɗiga. Wani lokaci takan tsaya a tsakar ɗaki, ta karkata kai, ta yi shiru har sai ta ji ɗigon.