Sunan da Batulu Ba Ta Faɗa

A Gwiwa kowa ya san Batulu, matar Na'Allah mai hatsi, tana magana da turmi. Ba taɓin hankali ba ne, don mace ce mai hankalinta sarai, har maƙwabta kan zo neman shawararta. Amma in ka shiga gidan da hantsi sai ka ji ta tana cewa, "Turmi, rana ta yi, ba a ko kai wa awaki dusa ba." Turmi dai bai taɓa motsawa ba. Wadda ke tashi ita ce Mas'uda, 'yarta ta fari mai shekara bakwai, ta ɗauki ƙwaryar dusa ta nufi wurin awaki ba tare da ta dubi kowa ba.

Batulu 'yar Roni ce, gidansu akwai jinin Fulani, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta faɗar sunan 'yarta ta fari, ba ta yi mata wasa, ba ta kallonta a gaban mutane, in an yabe ta sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Bayan yaye an kai yarinyar Roni wurin kakarta yadda aka saba, amma ta yi ta kuka har muryarta ta dishe, ta ƙi karɓar ko kunu, sai da aka dawo da ita duk ta rame. Haka uwa da 'ya suka zauna gida ɗaya, wannan ba ta kira, waccan ba ta amsawa.

Ita kuwa Mas'uda tun tana ƙarama daban take. A kira ta ba ta waiwayowa. Ba ta zuwa dandali, ba ta shiga wasan 'yan mata. Wurinta gindin rumbu, inda takan zauna tana ware ƙwayar gero daga ta dawa, ko ta kwanta rub da ciki tana bin tururuwa da ido har raminsu. Ƙoƙo guda take cin abinci a ciki, in an canza shi ta gwammace ta kwana da yunwa. Mutanen unguwa tuni suka yanke mata hukunci: kurma ce, bebiya ce, Allah ya ba iyayen haƙuri.

Batulu ba ta yarda ba, kuma tana da dalili. Wata rana, yarinyar tana shekara huɗu, Batulu tana daka tana mita ita kaɗai, ta ce, "Ludayin nan kuma ina ya shiga?" Sai ga ludayi an ajiye a gefen ƙafarta. Ta tsaya da taɓarya a hannu. Da ta ga ba kowa a tsakar gida sai ta juya ta ce, "Ke, miƙo mini faifai." Yarinyar ta juya fuska ga bango. Batulu ta ɗan jira, sannan ta dubi turmi ta ce, "Faifai ma ya ɓata." Faifai ya zo.

Daga ranar Batulu ta shiga gwaje-gwaje, don ita mace ce da abu ba ya wuce ta ba ta bi diddiginsa ba. Ta gwada da tulu, ta gwada da kaza, ta gwada da murya sama da murya ƙasa. Abin da ta gano shi ne, magana in an nufo Mas'uda da ita kai tsaye, da ido cikin ido, nauyi take yi mata har ta kasa ɗauka. In kuwa ta bi ta gefenta, sai ta tsince ta tsaf. Wani lokaci ma Batulu kan jiyo ta a bayan rumbu tana maimaita abin da aka faɗa a rediyo cikin raɗa, har da tarin mai karanta labaran. Sai ta ci gaba da tankaɗenta tana murmushi, tana mamakin irin abin da ke cikin wannan ɗan ƙaramin kai.

Na'Allah bai taɓa jin raɗar nan ba. Mutum ne na kasuwa, yau yana Babura, gobe Kazaure, in ya dawo kuwa yarinyar takan shige bayan rumbu. Ranar da ya ga ta kawo tsintsiya bayan an yi wa turmi magana, cewa ya yi, "Ai kurame wayo gare su. Idonta ne ke bin hannunki." Batulu ta ci gaba da aikinta. Uwa ta tsaya jayayya a kan 'yar fari? Ai sai a ce kunya ta ƙare a duniya.

Ana nan sai shekarar nan ta zo wadda kuɗin man fetur suka yi wa gwamnati yawa, ta ce kowane yaro sai ya shiga boko kyauta. Aka gina ajujuwa masu rufin kwano a bakin gari, hedimasta Malam Daudu ya shiga bin gida gida. Mutumin kirki ne, kuma da kyakkyawar niyya ya gaya wa Na'Allah cewa akwai makarantar kurame a Kano, ta kwana, inda ake koya musu magana da hannu, ci da sha duk kyauta. Na'Allah ya shigo gida da fara'arsa, ya ce ranar kasuwa mai zuwa Malam Daudu da kansa zai tafi da ita a motar Kano.

Batulu ta ce, "Allah ya sa alheri ne, Malam." Amma a zuci ta hango baƙin fuskoki sun kewaye yarinyar, kowa yana kaɗa mata hannu a ido, ba rumbu, ba ƙoƙo. Ta tuna yadda aka dawo da ita daga Roni, ga shi kuma Kano ba nan kusa ba ce. Tsoro take ji, tsoro na gaske, cewa in yarinyar nan ta shiga motar ba za ta dawo da rai ba.

Kafin ranar kasuwa aka turo Malama Dinatu ta duba yarinyar, tunda ita mace ce za ta iya shiga cikin gida. Kirista ce daga kudancin Zariya, sabuwar zuwa, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, sai dai al'adar wurin ba ta gama shigarta ba. Tana shigowa ta ce, "Sannu da gida, Maman Mas'uda." Batulu ta waiwaya tana neman wadda ake nufi.

Malama ta durƙusa gaban yarinyar, ta kira sunanta, ta tafa hannu a bayan kanta, ta kamo haɓarta don su haɗa ido. Mas'uda ta sanƙare tana kallon ƙasa. Malama ta miƙe ta ce, "To ke ki kira ta, wataƙila ta san muryarki."

"Wa?" in ji Batulu.

"'Yarki mana."

Batulu ta ja bakin zane ta rufe baki. "Waccan? Ai ba a yi."

Malama ta dube ta, ta ce, "Na ji ana faɗar kunyar nan, amma ban ɗauka ta kai haka ba. Tunda na shigo ko sau ɗaya ba ki kalle ta ba. Ko da tana ji, da wa za ta koyi magana? Ni a ganina yarinyar nan ta ɗauka ba kya son ta."

Maganar ta soki Batulu inda ba ta zata ba. Ta juya wa baƙuwar baya, ta dubi turmi, ta ce da murya ƙasa ƙasa, "Turmi, baƙuwa ta sha rana, ba a ko ba ta ruwa ba." Mas'uda ta tashi, ta ɗebo ruwa a randa, ta ajiye moɗar a gefen ƙafar Malama, ta koma gindin rumbu.

Malama Dinatu ta nemi wuri ta zauna a kan tabarma ba tare da an ce ta zauna ba. Fushinta ya tafi, sai tambaya. Tun yaushe? Turmi kaɗai, ko kowane abu? In namiji ne ya faɗa fa? Tana magana? Batulu ta yi ta amsawa a kaikaice, "a kan yi", "a kan ji", kamar labarin akuyar maƙwabta take bayarwa. Da Malama za ta tafi ta ce, "Wannan ba kurma ba ce. Ban san sunan abin da ke tare da ita ba, amma ina so in sani. Zan gaya wa hedimasta a bar mini ita a ajina."

Batulu ta ji sanyi, amma wancan zancen na cewa ba ta son 'yarta ya ƙi barinta. Tana shara yana nan, tana salla yana nan. Shekara bakwai tana nazarin yarinyar, ta san abin da ke firgita ta da abin da ke kwantar mata da hankali, amma ba ta taɓa tambayar kanta yadda yarinyar ke fassara shirun uwarta ba. Ƙannen yarinyar biyu ana goya su, ana kiran sunansu, ana yi musu rawa a cinya, duk a gaban idonta. Me za ta ɗauka?

Ranar kasuwa da hantsi aka taru a zaure: Na'Allah, Malam Daudu, Malama Dinatu, da Mas'uda a tsaye da ƙunshin kayanta. Batulu ta laɓe a bayan bangon zaure daga cikin gida, inda take jin komai ba a ganinta. Malama ta faɗi abin da ta gani. Na'Allah ya maimaita zancensa na ido da hannu. Malam Daudu ya ce shi ba ya son ya raba yarinya da gida a banza, kuma ba ya son ya hana kurma makarantarta, saboda haka a gwada a gabansu.

Malama ta juya baya ta yi wa buta magana, ta ce za a yi alwala ba a matso da ita ba. Shiru. Ta gwada da tabarma, ta gwada da ƙofa. Mas'uda tana tsaye tana ɗan jijjiga gaba da baya, idanun mutum uku a kanta, ga hayaniyar 'yan kasuwa tana shigowa daga waje. Batulu ta matsa bakinta kusa da bango ta ce, "Bango, a miƙa wa baƙi buta." Ko gezau. Yarinyar ta riga ta kulle, kuma Batulu ta san in ta kulle haka sai a wuni.

"Kin gani, Malama," in ji Na'Allah, ba da faɗa ba. "Ni ma da tana ji ai da na fi kowa murna." Daga tasha direban motar Kano ya danna hon. Batulu ta ji motsin Malam Daudu yana gyara riga zai tashi.

Sunan nan bai taɓa hawa harshenta ba, ko ita kaɗai a ɗaki. Ta san in ta faɗa, a gaban mijinta da baƙon namiji, kafin azahar labari ya kai bakin rijiya, kafin sati ya kai Roni, uwarta ta ji cewa ta haifi marar kunya. Ba ta ma san ko zai yi amfani ba, tunda kowa ya kira sunan ba a amsa. Amma ba abin da ya rage mata. Ta dafa bango, ta buɗe baki, ta faɗa can ƙasa.

"Mas'uda."

Ta sake faɗa, wannan karon sosai. "Mas'uda, 'yata."

Jijjigar ta tsaya. Yarinyar ba ta ɗago kai ba, ba ta juya wajen bangon ba. Sai wata 'yar murya, siririya, a daidaice kamar ta mai karanta labarai, ta ce, "Ba a faɗa."

Na'Allah ya saki carbinsa.

"Ba a faɗa," ta sake cewa, tana kallon ƙasa. "Ni 'yar fari ce. Uwa ba ta faɗa. Kunya ce."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Daudu ya yi gyaran murya, ya koma ya zauna, ya ce ranar Litinin a kai ta ajin Malama, kuma a bar ta ta zauna inda take so. Na'Allah, wanda yau ya fara jin muryar 'yarsa, ya jawo ƙunshin kayan yana ƙoƙarin kwancewa, ƙullin ya ƙi.

A bayan bango Batulu ta sulale ta zauna a ƙasa. Kuka take yi, kuma ba na kunya ba ne. Ashe yarinyar ta sani. Ashe duk shekarun nan tana jin ana zancen kunya a tsakar gida, ta tsinta, ta adana, ta ajiye shirun uwarta a inda ya dace. Murna ta cika Batulu har ta rasa inda za ta sa kanta.

Can sai ta ji takun ƙafa. Mas'uda ta shigo daga zaure, ta wuce ta ba ta kalle ta ba, sannan ta dawo ta zauna a ƙasa ta juya mata baya. Ta yi ta matsowa kaɗan kaɗan har bayanta ya jingina da na uwarta. Batulu ta ja numfashi a hankali don kada ta motsa, suka zauna a haka.